Ina koyarwa da rana, ina son in tsare garinmu da dare: akwai hanyar shiga soja na wucin gadi?

Malam na Kaura:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda zai amsa ya amsa da abin da ya sani.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a yankin Kaura Namoda. Shekarata 29, matata ɗaya, 'ya'yana biyu. Farkon zuwana yara 64 ne a rajistar ajina. Makon jiya na kira suna, 23 suka amsa. Sauran iyayensu sun kwashe su, wasu cikin Kaura, wasu Gusau. Akwai bencin bakin taga da wasu yara uku 'yan gida ɗaya suke zama. Tun daren da aka shiga unguwarsu aka tafi da mahaifinsu ban sake sa su a ido ba. Littafin lissafin ƙaraminsu yana nan cikin durowata, ya yi aikin gida ban kai ga duba masa ba.

Abokina da ke karatu a Ingila ya ce min a can mutum yana riƙe da aikinsa, kuma yana cikin rundunar ko-ta-kwana ta soja, ana horar da shi lokaci-lokaci, in buƙata ta taso a kira shi. Abin ya tsaya min a rai. Ba na son ajiye alli, domin in na tafi babu wanda zai shiga ajin nan. Amma na gaji da kwana da takalmi a ƙafa ina jiran ƙarar babura. Akwai irin wannan tsari a Najeriya? In babu, me ya fi kusa da shi?

Baba Saje mai ritaya, Gusau:
Wa alaikumus salam. Ɗana, shekara 22 na yi cikin kaki, na fito da igiya uku, bari in gaya maka yadda abin yake. Abin da abokinka ya faɗi gaskiya ne a can. Nan kuwa babu ƙofar da farar hula zai bi ya zama sojan Asabar da Lahadi. Ƙofar kurtu guda ce: in an buɗe ɗauka ka cike fom ta intanet, a tantance ka a jiharku, a kai ka Daffo, wurin horar da kurata a Zariya, ka yi wata shida. Shekara 18 zuwa 22 ake so, mai sana'ar hannu irin makanike ko direba a ɗaga masa zuwa 26. Namiji tsawonsa ya kai mita 1.68. Kai da 29 ka wuce layin. Mai digiri ko HND yana da ƙofar hafsoshi ta gajeren zango, amma ita ma aiki ce cikakkiya, ba a haɗa ta da aji.

Ko-ta-kwanar da dokar soja ta sani mu ne, waɗanda munka gama aiki. Mu ake iya kira in ƙasa ta matsu.

Sannan ka riƙe wannan da kyau: wanda ya shiga soja ba garinsu aka ɗauke shi ya tsare ba. Ni ɗan Bunguɗu ne, amma rabin aikina a Kudu da Borno na yi shi. Ranar da anka kore shanun ƙanena ina nesa da gida, a waya na ji.

Ɗalibi a Ingila:
Ni ne abokin da Malam yake magana. Baba ya yi daidai. A nan Ingila, a da sunan rundunar Territorial Army, a 2014 aka mayar da ita Army Reserve. Yawancin rukunoni suna neman kwana 27 a shekara: wani dare guda cikin mako, wasu ƙarshen mako, da sansanin mako biyu. Ana biyanka kuɗin kowace rana da ka yi, in ka cika sharuɗɗan shekara a ba ka wani ƙari wanda ba a cire masa haraji. A Amurka kuma ƙarshen mako ɗaya ne a wata da mako biyu a shekara, bayan ka gama horon farko na kusan mako goma. Suna da doka tun 1994 da ta hana maigidan aikinka korarka don an kira ka, dole ya mayar da kai in ka dawo.

Akwai wani a ɗakin gwajinmu da yake ciki. Ranar Talata da yamma yakan ɗauki jakarsa ya tafi, Laraba da safe ya dawo aiki. Ba wanda ya bi shi gida, ba wanda ya rubuta sunansa. Na yi ta tunanin wannan bambancin bayan mun yi waya da kai, Malam.

Matashin Zurmi:
Duk wannan dogon turanci ne. Malam, in zuciyarka ta ba ka, ka je wurin shugaban 'yan sa-kai na garinku gobe, ya rubuta sunanka. Mu nan ba mu jira kowa ba. Waɗanda suka jira suna sansanin gudun hijira yanzu suna layin abinci. Mutum na noma gonar ubansa sai ya biya haraji ga ɓarawo kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe, sannan a ce ya jira doka?

Lauya, Tudun Wada:
Ƙanena na Zurmi, zafinka a wurinsa yake, ba wanda zai ce ba ka da hujja. Amma Malam ma'aikacin gwamnati ne, dole ya san inda yake sa ƙafa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, kundin tsarin mulki na 1999 bai rufe wannan ƙofa ba. Sashe na 220 ya yi maganar horon soja ga 'yan ƙasa, ya ce in majalisar tarayya ta yi doka a kai, gwamnati za ta tanadi kayan aiwatarwa. Har ya ba shugaban ƙasa damar samar da horon soja a makarantun sakandare da na gaba da su in sun nema. Wato gurbin yana nan, dokar da za ta cika shi ce ba a yi ba. Abin da muke da shi kawai mako uku na sansanin masu bautar ƙasa, shi kuwa fareti ne, ba yaƙi ba.

Maganar bindiga kuma, dokar makamai ta raba su kashi-kashi. Irin su AK ba a ba farar hula, lasisinsu a hannun shugaban ƙasa yake. Bindigar farauta mai harsashi sai da lasisin 'yan sanda. Har ta gargajiya mai ɗuri tana da nata izinin. In aka kama ka da abin da ba ka da takardarsa, kyakkyawar niyyarka ba za ta tsaya maka a gaban alƙali ba. Kuma ƙa'idar ma'aikata ta hana mutum cin albashin ofis biyu na gwamnati a lokaci guda.

Mafi kusa da abin da kake nema a doka shi ne 'yan sandan sa-kai, waɗanda ake kira kwanstabulari. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta san da su, kuma aikin wucin gadi ne, mai sana'a yana iya yi. Amma su taimakon tsaron unguwa ne da kawo rahoto, ba shiga daji ba.

Matashin Zurmi:
To Barista, mai kulki zai tare mutum hamsin a kan babura?

Lauya, Tudun Wada:
Ba zai tare ba. Ban ce ya isa ba, na ce shi ne abin da ke akwai.

Maman Yusra:
Na daɗe ina karanta zauren nan ban taɓa rubutu ba. Yau zan yi, domin Malam ya ce yana da mata da 'ya'ya biyu.

Maigidana tela ne. Shi ma abin da ya faɗa min ke nan, cewa ba barin ɗinki zai yi ba, dare uku ne kawai a mako. Garinmu kowane gida yana ba da abin da ya samu, a sayi fetur da batir ɗin tocila da albarushi. In daren aikinsa ne zai yi sallar isha'i, ya ɗaura layunsa, ya sa wata tsohuwar rigar sanyi, in zuba masa kunu a gora. Da asuba in ji bugun ƙofarsa sau biyu, in san ya dawo. Shekara ɗaya da rabi muna haka. Sau biyu sun kori ɓarayi daga bakin gari, mutane har gida suke zuwa gode masa.

Ba a daren aikinsa suka zo ba. Ranar Talata ce da hantsi, saura kwana tara sallah, yana kan keke yana ɗinka kayan yaran maƙwabta. Mutum biyu suka shigo shagon da rawani, suka kira shi da sunansa da sunan babansa. Wani a cikin gari ya ba su. Da na isa, yadin yana nan a ƙarƙashin allura, bai ƙarasa hannun rigar ba.

Mutanen gari sun yi ƙoƙari, ba zan ci amanarsu ba. An kawo min gero buhu biyu da 'yan kuɗi. Bayan sadakar arba'in kowa ya koma kan nasa, domin kowa yana da nasa. Babu takardar da ta ce ya yi wa wani aiki, babu ofishin da zan je in ce ga marayunsa. Na sayar da keken na kawo yaran Gusau, yanzu awara nake soyawa a ƙofar gida.

Malam, kai ne kake lissafin dare uku. Su ba su san wannan lissafin ba. Ranar da aka gan ka da bindiga sau ɗaya, ka zama mai bindiga a aji, a masallaci, a gona. Ban ce kada ka yi ba. Ban taɓa jin kunyar abin da mijina ya yi ba. Amma ka zaunar da matarka ka gaya mata duka, har da wannan.

Baba Saje mai ritaya, Gusau:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan shi, ya raya abin da ya bari. Ɗiyata, kin faɗi abin da na kasa faɗi.

Malam na Kaura:
Amin. Hajiya, na karanta sau uku. Allah ya ba ki ladan haƙuri.

Ɗan Ruga:
Allah ya gafarta masa. Ina roƙon a ba ni dama in faɗi ɗaya gefen, kada a ɗauka ina kare ɓarayi. Mu ma sun kore mana shanu 40, sun karɓi kuɗin fansar yayata.

Kawuna ya je cin kasuwa da akuya biyu. Wasu samari masu gora da adda suka tsayar da shi a bakin kasuwa, suka ce infoma ne. Ba wanda ya tambaye shi komai, ba a kai shi wurin 'yan sanda ba, ba a kai shi wurin hakimi ba. Da la'asar aka aiko mu ɗauki gawa. Ɗansa a lokacin shekararsa 15. Bayan wata uku ya shiga daji, har yau ba mu san ko yana raye ba.

Shi ya sa in na ji an ce kowa ya je ya rubuta suna a ba shi makami, gabana yake faɗuwa. Wa zai koya masa bambanta ɓarawo da makiyayi? In ya yi kuskure wa zai tuhume shi? Duk wanda ya san tarihin rikicin nan ya san irin wannan kisa na kasuwa yana cikin abin da ya hura wutar. Gwamnatocin jihar nan sun sha haramta 'yan sa-kai saboda haka. In za a yi soja na wucin gadi, ni ina so, amma a sa 'ya'yanmu a ciki, a yi masu lamba, a san wanda ke ba da umarni.

Matashin Zurmi:
Abin da aka yi wa kawunka zalunci ne, ban goyi baya ba. Amma a garinmu ba mu taɓa yin haka ba.

Ɗan Ruga:
Na yarda da kai. Sai dai garinku ya dogara ne da halin shugabanku. In ya mutu wani ya hau fa?

Askar daga Maradun:
Ni ina cikin Askarawan Zamfara, waɗanda Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Gusau ranar 31 ga Janairu 2024, mu 2,645 daga ƙananan hukumomi 14. Katsina ta riga mu da nata a Oktoban 2023, Sakkwato ta biyo baya. Bambancinmu da sa-kai na da shi ne an tantance mu, an horar da mu, muna da kaki da kwamanda, kuma tare da jami'an tsaro muke aiki. Amfaninmu shi ne mun san hanya. Sojan da aka kawo daga wata jiha bai san wace ƙorama ake tsallakawa da damina ba, bai san wace tunga ta tashi ba. Ni na yi kiwo a dajin nan ina yaro.

Amma Malam, kada ka ɗauka aikin bayan an tashi makaranta ne. Ana iya kiranka ƙarfe biyun dare ka kwana uku ba ka dawo ba. Ni kafinta ne, kayan aikina sun yi tsatsa. Kuma mun binne abokan aiki da yawa, wasu a kwanton ɓauna a kan hanya. In za ka shigo, da ƙafa biyu za ka shigo, ajinka ya tashi.

Ɗan Zuru:
Gaisuwa daga Kebbi. Mu Zuru gidan soja ne, kusan kowane gida akwai wanda ya sa kaki, kuma 'yan sa-kanmu ba matsorata ba ne. Duk da haka a Maris 2022 aka yi masu kwanton ɓauna a yankin Sakaba, sama da mutum 60 suka kwanta a rana guda. An riga an san da tafiyarsu. A Nuwamba 2024 kuma mutanen Mera a Augie suka bi sawun 'yan bindigar Lakurawa da suka kore masu shanu, aka kashe 15. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba a duka biyun. Abin da babu shi ne wanda zai duba hanya kafin a bi, da rediyon da za a kira taimako, da motar da za ta kwashe wanda ya ji rauni.

Baba Saje mai ritaya, Gusau:
Ɗan Zuru ya taɓo wurin. Ku tuna 'Yar Galadima a Maru, Afrilun 2014. Taron 'yan banga anka yi a fili, kowa ya san rana da wuri, ɓarayi sunka zo sunka buɗe wuta, sama da mutum 100 sunka tafi. Ku tuna kuma Tungar Kara a Janairun 2025, inda jirgin yaƙi ya faɗa wa mutanen da sunka fito bin sawun ɓarayi. Daga sama mutum a kan babur da bindiga duk ɗaya ne, in babu wanda ya sanar cewa naku ne ke wurin.

Mutane na zaton wata shida na Daffo harbi ake koyo. Harbi mako kaɗan ne. Sauran duk koyon jin magana ne: a ce tsaya ka tsaya ko jininka na tafasa, a ce kada ka harba ka riƙe yatsanka. Da yadda ake tafiya ba a cunkushe ba, da yadda ake ɗaure rauni. Na ga yaro ya mutu da harbi a cinya, abin da ɗaurin minti biyu zai tsayar. Burkina Faso ta ɗauki farar hula 'yan sa-kai a 2020 da horon mako biyu, an kashe su da yawa, su ma an zarge su da kashe waɗanda ba su ji ba su gani ba. A Borno kuwa 'yan Kato da Gora da sunka taso a 2013 sun yi tasiri don suna maƙale da soja, har an ɗauki wasunsu aikin soja daga baya.

Ni ra'ayina, abin da Malam ke nema ya kamata a ce akwai shi. Ga mu tsofaffin soja birjik a Gusau da Zuru da Birnin Kebbi muna zaune a gindin bishiya. A yi doka, a ɗauki malamai da manoma da makiyaya, a ba su horo na gaske, a sa su ƙarƙashin birged ɗin da ke Gusau, makami ya kwana a ma'ajiya ba a ɗaka ba, a rubuta abin da za a ba iyalin wanda ya faɗi. Ba zai hana a bi mutum shago ba, amma ɗiyata Maman Yusra da tana da ƙofar da za ta buga.

Hajiya Malama, Talata Mafara:
Ni abokiyar aikinka ce, shekara 26 ina koyarwa. Bayan Jangebe a Fabrairun 2021, da aka kwashi 'yan mata 279, na ga yadda iyaye suka janye 'ya'yansu ko a makarantun da ba a taɓa ba. Wanda ya dawo da ɗansa, ya dawo da shi ne don ya ga malamin yana zuwa kullum. Yaran nan 23 saboda kai suke zuwa. Kuma ka yi tunani, in aka san malamin makaranta yana fita sintiri, makarantar ce za ta zama wurin da za a zo nemansa, da yaran a ciki. Wannan ne ya fi tsaya min.

Matashin Zurmi:
Hajiya, da girmanki, in kowa ya kawo dalilinsa wa zai fita? Tela yana da dalili, manomi yana da dalili. Ni ma ina da uwa.

Hajiya Malama, Talata Mafara:
Ɗana, ba ni da amsar da za ta gamsar da kai. Allah ya tsare ka ya mayar da kai gabanta lafiya duk daren da ka fita.

Lauya, Tudun Wada:
Ƙarin abu ɗaya ga matasan da ke karantawa waɗanda shekarunsu ba su wuce ba. Fom ɗin soja kyauta ne. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi zai sa sunanka, ko ya ce akwai wani sabon tsarin sojan wucin gadi da ake biya a shiga, ɗan damfara ne. Na riƙe shari'ar wani yaro da ya sayar da babur ɗinsa a kan haka.

Malam na Kaura:
Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Daren jiya na karanta wa maiɗakina saƙon Maman Yusra daga farko har ƙarshe. Ba ta ce komai ba sai da ta gama shimfiɗa wa yara, sannan ta ce in bindiga ce ba ta yafe ba, in wani abu ne in faɗa mata mu duba.

Maganar Hajiya Malama ta makaranta ban taɓa kawo ta a raina ba, kuma ita ta fi kama ni. Ba zan ɗauki bindiga ba muddin ina shiga ajin nan. Ɗan'uwana na Zurmi, na san ba haka ka so ji ba, kuma tambayarka ban da amsarta, tana nan tana cina.

Ranar Litinin zan je ofishin 'yan sanda na Kaura in tambayi yadda ake shiga kwanstabulari da ko ana ɗauka yanzu. Barista, in za ka taimaka ka rubuta mana takarda a kan sashe na 220 da shawarar Baba, ni zan bi malaman yankinmu su sa hannu mu kai wa ɗan majalisarmu na tarayya. Ɗan Ruga, ina so sunanka da na mutanenku su kasance a ciki.

Baba Saje, maganar ɗaurin rauni. Garinmu babu wanda ya iya, kuma daga nan zuwa asibiti tafiyar awa ce in hanya ta yi kyau. Za ka koya mana?

Lauya, Tudun Wada:
Zan rubuta, ka ba ni zuwa Juma'a.

Ɗan Ruga:
Ka turo, zan kai wa arɗo ya gani tukuna.

Baba Saje mai ritaya, Gusau:
Zan koya maku, kuma akwai wani tsohon ma'aikacin jinya na bariki da zan taho da shi, ya fi ni sani. Kada ka rubuta rana ko wuri a nan, ka kira ni. Ku zo ku shida, biyu su zama mata. Kowa ya taho da tsohon zane mai tsabta da guntun sanda kamar tsawon tafin hannu.